Ƙungiyar Ƙwadago da Kuɗin Guminka: Tambayoyin da Ma'aikata ke Yawan Yi a Kebbi

Waɗannan tambayoyi ne da ake ta maimaitawa a ɗakin malamai idan an fita tara, da harabar sakatariya idan wata ya yi nisa, da bakin ƙofar kamfanonin casar shinkafa inda masu lodi ke jiran mota. Wasu masu tambayar sun shekara ashirin ana cirar musu kuɗin ƙungiya, wasu kuwa ko takardar ɗaukar aiki ba su taɓa riƙewa ba. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu nauyi.

Mece ce ƙungiyar ƙwadago, kuma me ya raba ta da sauran ƙungiyoyi?

Taron ma'aikata ne da suka yarda su riƙa magana da mai ba su aiki da baki ɗaya a kan albashi, da awannin aiki, da hutu, da ƙarin girma, da yadda za a sallami mutum idan ta kai ga haka. Ƙungiyar adashi tana tara kuɗi, ta tsofaffin ɗalibai tana sada zumunci, ita kuwa wannan ciniki ne aikinta. Malaman firamare da sakandare suna da NUT, ma'aikatan ƙananan hukumomi NULGE, malaman jinya da ungozoma NANNM, malaman jami'a ASUU. A samansu akwai uwayen ƙungiya biyu: NLC da aka kafa a 1978, da TUC wadda ta fi ƙunsar manyan ma'aikata, aka yi mata rajista a 2005.

Ai kasuwa ce ke yanke farashin komai. Me ya sa ba za a bar ta ta yanke na aiki ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma wanda ya fahimci amsarta ya fahimci sauran. Ciniki yana yin adalci ne idan mai saye da mai sayarwa kowanne zai iya cewa albarka ya kama gabansa. Dubi manomin albasa a Aliero da ba shi da wurin ajiya, ga bashin taki a kansa. Dillali ya san ba zai iya komawa gida da kayan ba, don haka ko nawa ya taya, sai an sallama. Ma'aikaci haka yake, har ma ya fi shiga matsi, domin ranar aiki ba ta ajiyuwa. Idan yau ta wuce bai sayar da ƙarfinsa ba, ta tafi ke nan, kuma tukunyar gidansa ba ta san uzuri ba. Mai kamfani zai iya barin gurbi wata biyu babu kowa a kai. Magidanci mai 'ya'ya shida ba zai iya mako biyu babu shiga ba.

Abu na biyu shi ne ƙarancin masu saye. A ce yarinya ta gama NCE a Argungu. Wa zai ɗauke ta? Gwamnati, idan an buɗe ɗiba, sai kuma makarantun kuɗi 'yan kaɗan da ke garin, waɗanda masu su sun san juna, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke biya. Ita kuwa masu irin takardarta sun fi a ƙirga. Mai makaranta zai buɗe durowa ya nuna mata tulin takardun neman aiki, ya ce, "Malama, abin da muke iya bayarwa ke nan, in bai yi miki ba akwai masu jira." A nan ba ingancin koyarwarta ne ya yanke albashin ba, rashin wurin zuwanta ne. Masana tattalin arziki sun daɗe da gane haka. Tun 1933 wata masaniya 'yar Ingila, Joan Robinson, ta yi bayanin yadda mai saye ɗaya tilo ke iya danne farashin aiki ƙasa da abin da aikin ke samarwa.

Idan ana son ganin akasin haka, a je fadamar Argungu ko Suru lokacin dashen shinkafa. Kowane manomi yana neman hannu a mako guda, iri kuma ba ya jira. Sai ka ga 'yan ƙwadago sun tsaya a kan jingarsu, manomi na lallashi, har da alƙawarin fura da tuwon rana. Mutanen nan su ne dai waɗanda ake yi wa tayin wulaƙanci bayan wata biyu. Ƙarfinsu bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wanda ke cikin matsi ne ya sauya.

To ta yaya haɗuwa ke gyara wannan?

Mai aiki zai iya rabuwa da mutum ɗaya bai ji a jikinsa ba, amma ba zai iya rabuwa da kowa a rana ɗaya ba. Idan ma'aikata suka zo a dunƙule, shi ma yana da abin da zai rasa idan ciniki ya watse, kuma daga nan ne ake fara magana ta gaskiya. Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba: ƙungiya tana tona asirin albashi. Inda kowa ke karɓar nasa a ɓoye, ana iya biyan mutum biyu masu aiki iri ɗaya kuɗi daban-daban, ɗaya don yana da uwa a gindin murhu, ɗaya don mace ce ko baƙo ne. Idan aka rubuta ma'auni guda, mataki kaza kuɗi kaza, wannan ƙofa ta rufe.

Doka ta ba ni damar shiga ƙungiya, ko sai maigidana ya yarda?

Ba sai ya yarda ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Dokar Ƙwadago ta hana a gindaya wa mutum sharaɗin barin ƙungiya kafin a ɗauke shi, ta kuma hana a kore shi saboda yana cikinta. Tun 1960 Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 da mai lamba 98, waɗanda suka tanadi 'yancin haɗuwa da na yin ciniki a ƙungiyance. Akwai waɗanda doka ta ware, irin su sojoji, da 'yan sanda, da jami'an kwastan, da na shige da fice, da na gidajen gyaran hali.

Gyaran dokar da aka yi a 2005 ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ba tilas ba. Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a ofishin manaja daban. Ba wanda zai rubuta maka cewa an sallame ka don ka yi maganar ƙungiya, wani laifin za a lalubo. Saboda haka a karanta amsa ta ƙarshe kafin a fara motsi.

Me ƙungiyoyin nan suka taɓa samo wa talaka? Ni dai yajin aiki kawai nake gani.

Yawancin abin da ma'aikacin yau ke ɗauka kamar da ma can haka yake, sai da aka sha wuya kafin a same shi. A 1945, bayan tsadar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da sauransu suka ajiye aiki fiye da kwana 40 a kan alawus na tsadar rayuwa, Michael Imoudu na cikin jagororinsu, kuma daga bisani Turawan mulki suka biya. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu saboda rikicin haƙƙinsu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa na farko, naira 125, ya zo ne a 1981 zamanin Shehu Shagari, bayan yajin aikin gama-gari da NLC ta kira a ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Hutun Ranar Ma'aikata ma daga Arewa ya faro: gwamnatin Abubakar Rimi ta ayyana shi a Kano a 1980, tarayya ta bi sahu a 1981.

Wani lokaci kuma amfanin yakan wuce masu albashi. A Janairun 2012, da aka ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zanga suka sa aka dawo da ita 97. Mai injin ban ruwa a Zauro ba ɗan NLC ba ne, amma ragin ya shiga aljihunsa.

Wa ke yanke mafi ƙarancin albashi, kuma ya shafi kowa?

Kwamiti ne mai ɓangare uku yake zama: gwamnati, da masu ɗaukar ma'aikata, da 'yan ƙwadago. Abin da aka daidaita a kai sai ya je Majalisar Tarayya ya zama doka, domin batun yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya. A 2011 an yanke naira 18,000, a 2019 aka kai 30,000. Cinikin 2024 ya nuna yadda abin ke tafiya ƙarara. Ƙwadago suka fara da 615,000, gwamnati ta taya 48,000. Aka yi ta ja, har ranar 3 ga Yuni aka shiga yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya. Ƙwadago suka sauko 250,000, gwamnati ta hau 62,000, a watan Yuli aka tsaya a 70,000, aka kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara 5 zuwa 3. A Kebbi an amince da 75,000 a watan Oktoban shekarar.

Amma bai shafi kowa ba, kuma wannan ne ke yi mini ciwo. Dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho ko jinga, da masu aikin gona na kaka ko damina. Ka lissafa mutanen unguwarku da ke fita neman na tuwo kowace safiya, ka ga mutum nawa ne suka tsira daga wannan jerin. Yaron shago, da mai sayar da magani a kemis, da direban gida, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, galibinsu suna waje. Amsar da ke can gaba, kan ɗan dako da mai turara shinkafa, za ta koma kan wannan.

An yi ƙari, amma ga shi ba ya kai mu ko tsakiyar wata. Ina amfanin?

Domin lambar da ke kan takarda ba ita ake ci ba. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200 a canjin lokacin. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Tsakanin 2019 da 2024 mafi ƙarancin albashi yana tsaye, alhali an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, an saki naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ƙarin da ya zo cike gurbin asara ne, kuma bai cike duka ba.

Wasu na cewa ƙarin albashin ne ke tayar da farashi a kasuwa. Gaskiya ne wasu masu gidajen haya da 'yan kasuwa sukan yi ƙari da zarar sun ji sanarwa a rediyo. Amma a duba abin da ya riga wani: kwanon gero da kuɗin mota daga Birnin Kebbi zuwa Jega sun tashi tun kafin a ƙara wa kowa sisi. A ganina abin da ya kamata ƙungiyoyi su nace a kai shi ne a ɗaure albashi da farashin kaya, a riƙa daidaita shi kowace shekara, maimakon a jira sai wuya ta kai wuya sannan a yi faɗa a kan lamba ɗaya mai daɗin faɗi.

Idan aka matsa wa masu kamfani su ƙara albashi, ba za su rage ma'aikata ba?

Yana iya faruwa, kuma ɗan ƙwadagon da ya ce ba ya taɓa faruwa bai faɗi gaskiya ba. Idan aka ɗora wa ƙaramar sana'a abin da ribarta ba za ta ɗauka ba, ko ta rage hannu ko ta rufe. Amma ba kullum haka take kasancewa ba. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci na ɓangarorin biyu, ba su ga aiki ya ragu a inda aka yi ƙarin ba. Card ya samu kyautar Nobel a 2021, wannan bincike na cikin dalilai. Bayanin yana cikin amsa ta biyu: inda da ma ana biyan mutum ƙasa da abin da yake samarwa, akwai sarari tsakanin ladansa da ribar da ake ci a kansa, kuma daga wannan sararin ƙarin ke fitowa.

Masaƙun Kaduna ma abin dubawa ne. Ƙungiyarsu na cikin mafi tsari a ƙasar nan, ta yi shekaru tana ƙulla yarjejeniya da masu masaƙu a dunƙule. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, abin da kowa ya fi nunawa da yatsa shi ne rashin wuta, da tsadar man injin, da fasa-ƙwaurin atamfa. Ƙungiya ba ta iya ceton kamfanin da kasuwarsa ta mutu, amma ita ce ta ci gaba da bin haƙƙin waɗanda aka sallama.

Gwamnan Kebbi ɗan ƙwadago ne. Har yanzu muna buƙatar ƙungiya mai baki?

Ƙwarai kuwa. Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya shugabanci NUT ta ƙasa, ya kuma riƙe mataimakin shugaban NLC kafin ya zama gwamna a 2023. Ba shi ne farau ba, Adams Oshiomhole ya bar shugabancin NLC ya mulki Edo. Samun wanda ya san ciwon a kan kujera alheri ne, domin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma duk wanda ya zama gwamna ya koma ɗaya gefen teburin, shi ne mai biya, ga hanyoyi da asibitoci da tsaro duk suna jiran kaso daga asusu ɗaya. Kuma wa'adi yana ƙarewa. Abin da aka samu saboda kirkin shugaba yana iya tafiya tare da shi, abin da aka rubuta a yarjejeniya aka sa hannu shi ke zama. Lokacin da ake ɗasawa da gwamnati shi ne lokacin da ya fi dacewa a rubuta komai: jadawalin ƙarin girma, da biyan garatuti bi da bi, da tabbatar da cewa abin da ma'aikacin jiha ya samu ya isa ga malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma a duka ƙananan hukumomi 21, daga Dandi har Sakaba.

Yajin aiki ba talaka yake cutarwa ba? Ɗan mai kuɗi ai ba ya asibitin gwamnati.

Wannan ƙorafi yana da gaskiya, kuma bai kamata a share shi ba. Idan malaman jinya suka fita, matar da aka ɗauko daga ƙauye a kan babur tana naƙuda ita ke tarar da ƙofa a rufe. Yajin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma ɗaliban da suka zauna a gida ba 'ya'yan masu yanke hukunci ba ne. A kamfani, yajin aiki aljihun mai kamfani yake taɓawa. A aikin gwamnati kuwa jama'a yake fara taɓawa, sannan a jira kukansu ya isa sama.

Shi ya sa doka ta shimfiɗa matakai kafin a kai can: a fara zama a cikin gida, a nemi mai shiga tsakani, a kai wa Ministan Ƙwadago, daga nan kwamitin sasanta rikicin ma'aikata, sannan Kotun Ma'aikata. Ta kuma taƙaita yajin aiki a ayyukan da rayuwa ta dogara a kansu. Ƙungiya mai hankali takan ba da wa'adi, ta yi na gargaɗi kafin na sai-baba-ta-gani, ta bar masu kula da ɗakin haihuwa da na gaggawa. Sai dai a tambayi ɗaya ɓangaren ma: yarjejeniya nawa aka sa wa hannu aka jefa a durowa? ASUU ta shafe fiye da shekara goma tana ambaton ta 2009. Hukumar da ba ta sauraron wasiƙa sai an rufe ƙofa, ita ce ke koya wa ma'aikata rufe ƙofa.

Da gaske ne ana iya hana mu albashin kwanakin da muka yi yaji?

Da gaske ne. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ma'aikata ya tanadi "ba aiki, ba biya", kuma an yi amfani da shi a kan malaman jami'a a 2022. Sau da yawa akan yafe shi a cikin sharuɗɗan janye yajin, amma wannan sulhu ne, ba haƙƙi ba. Kafin ku ɗaga hannu a taro, ku tambayi shugabanni ko akwai asusun da zai riƙe mambobi idan abin ya yi tsawo.

Ana cirar mana kuɗi duk wata, amma shugabanni ne kawai ke canza mota. Yaya za mu yi?

Zargin ba daga sama ya faɗo ba. An sha ganin wa'adi ya cika, a shiga ganawar dare, da safe a ji an janye ba tare da an koma wa mambobi ba. Irin wannan ya fi korar mutane daga ƙungiya fiye da barazanar kowane manaja. Amma ficewa ba ta hukunta shugaban, sai dai ta rage masu sa masa ido. Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista ta riƙa miƙa bayanin kuɗinta ga Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago, kuma mamba yana da damar neman ganin lissafi. Ku nemi kundin tsarin ƙungiyarku ku karanta, yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba. Ku tashi a taron reshe ku ce, "Kwamared Ciyaman, muna son a karanto mana abin da ya shigo da abin da ya fita." Ku nace cewa duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu a karanta ta a gaban mambobi tukuna. Ranar zaɓen wakilai kuma kada a bar wa 'yan amshin shata zauren.

Kada kuma a manta an yi shugabannin da suka biya da jikinsu. Gwamnatin soja ta rushe shugabancin NLC a 1988, ta sake rushewa a 1994, Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan man fetur ya shafe shekaru a tsare zamanin Abacha.

Shekarata huɗu a kamfani amma har yau "na wucin gadi" ake kirana. Ina da wani haƙƙi?

Kana da shi. Dokar Ƙwadago, wadda ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ka takarda mai bayyana irin aikinka, da ladanka, da sharuɗɗan rabuwa. Bayan wata 12 kana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da biya. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar sai an ba shi sanarwar mako biyu kafin sallama, daga shekara biyar kuma wata guda. Mace tana da hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin. Idan inji ya ci hannunka, dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda irin wannan rana.

Dabarar da ake yi ita ce a ɗauko ku ta hannun ɗan kwangila, don idan magana ta taso kamfani ya ce bai san da ku ba. Ga kuma raba kai: na dindindin yana ganin ya fi ku, ku kuna ganin ba ruwansa da ku. Ƙungiyar da ta kyale wannan tana saran reshen da take kai, domin duk gurbin dindindin da ya faɗi, da na wucin gadi za a cike shi.

Ni ɗan dako ne, matata kuma tana turara shinkafa. Wannan magana ta shafe mu?

Ku ta fi shafa, domin ku ne mafi yawa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin aikin albashi mai tsari. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ake kiran jihar nan gidan shinkafa, ana maganar tan nawa aka noma, amma da wuya ka ji an tambayi nawa mai yanka da mai bugu da mai ɗora buhu a mota suke komawa gida da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. A wurare da dama ana bin leburori bashin mako da makonni.

Haɗa kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mahauta suna da Sarkin Fawa, masunta a Yawuri da Argungu suna da shugabanninsu, masu lodi a kasuwa sukan tsayar da kuɗin buhu. Abin da ya rage shi ne tsari: rajistar mambobi, da ɗan asusu na ranar ciwo, da farashin da aka amince a kai kafin kaka ta kama, ba ranar da mota ta tsaya ba. A Indiya, ƙungiyar SEWA da Ela Bhatt ta kafa a 1972 ta tara mata masu talla da masu aikin hannu a gida har suka kafa bankinsu. Mata masu turara shinkafa su ashirin da ke sayen shanshera tare, su kuma yanke farashin aikinsu tare, sun fi ƙarfin a yi musu tayin raini ɗaya bayan ɗaya.

'Yan yuniyan na tasha fa, su ma ƙungiyar ƙwadago ce?

A rajista, ƙungiyarsu ta ma'aikatan sufurin mota, NURTW, tana ƙarƙashin NLC. Ma'aunin dai ɗaya ne ga kowace ƙungiya: kuɗin da aka karɓa a hannun direba ko ɗan kabu-kabu, me ya dawo masa da shi ranar da ya yi haɗari ko aka kama abin hawansa? Inda akwai amsa, ƙungiya ce. Inda babu, haraji ne kawai.

An riƙe mini albashi, ko an kore ni ba bisa ƙa'ida ba. Ina zan kai kuka?

Fara da tattara shaida: takardar ɗauka, da takardun albashi, da saƙon banki, da katin aiki, har saƙonnin WhatsApp da aka turo maka umarni. Rubuta ƙorafi ka riƙe kwafi. Idan kana da ƙungiya, sakataren reshe ne matakin farko. Idan babu, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jiha, kuma jami'anta sukan kira ɓangarorin biyu a zauna. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ita ma ba a biyan ko kwabo. Idan duk an gaza, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010. Kada a bar magana ta kwana da yawa, domin wasu ƙararrakin suna da wa'adi, shaidu kuma suna watsewa.

Mu goma sha biyu ne kawai a wurin aikinmu. Ta ina za mu fara?

Ba sai kun kafa sabuwa ba. Rajistar sabuwar ƙungiya tana buƙatar aƙalla mutum 50, kuma ba a cika yi wa wata rajista ba idan akwai mai wakiltar wannan sana'a. Tun gyaran 1978 aka harhaɗa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma 42 bisa sana'a, don haka da wuya a rasa wadda ta dace da ku. Ku je ofishin NLC ko TUC na jiha ku tambaya. Ƙananan wurare irin naku sun fi samun kariya idan aka yi ciniki a kan sana'a gaba ɗaya, ba shago-shago ba. A Faransa 'yan ƙungiya ba su wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ma'aikata ba, amma yarjejeniyoyin sana'a sun rufe fiye da kashi 90, saboda hukuma tana shimfiɗa su a kan kowa. Da malaman makarantun kuɗi na Birnin Kebbi za su zauna da ƙungiyar masu makarantu su yanke ƙasan da ba a sauka, da mai makarantar kirki ma ya huta da gasar wanda ke karya farashi da gumin malamai.

Kafin nan, ku fara zama a wajen wurin aiki, a gidan ɗayanku bayan la'asar. Kowa ya faɗi abin da yake karɓa tsakani da Allah. Ku zaɓi buƙata ɗaya da kowa ya yarda da ita kuma mai yiwuwa ce, misali a riƙa biya kafin biyar ga wata, ko a ba kowa takardar ɗauka. Ku rubuta ta cikin ladabi, kowa ya sa hannu, kuma kada mutum ɗaya ya kai ta shi kaɗai, ku shiga ku uku ko huɗu, har da wanda maigidan ya fi jin nauyinsa. Duk abin da aka amsa muku da baki, ku roƙa a rubuta a sa kwanan wata.